Ka Sauka a Tsafe

Bakin gidan waya, Gusau,
Farkon watan Cika-ciki.

Zuwa ga ɗana Ashiru, a Damba.

Bayan sallama irin ta Musulunci, ina roƙon Allah ya sa takardar ga ta same ka lafiya, kai da mutanen gidan da kake zaune. Mu a Rawayya sai godiya. Gero ya yi kai, uwarka tana gaishe ka, ƙafata ta hagu tana nan yadda ka bar ta. Allah ya tsare ka a hanyar da za ka kama, ya tsare ka a inda za ka sauka.

Ka san ban iya rubutu ba, ba kuma na jin kunyar haka. Wanda ke riƙe da alƙalamin Bulus ne, Kiristan nan mutumin ƙasar Jos da ke zama ƙarƙashin darbejiya yana rubuta wa mutane wasiƙa. Na ce masa ya sa magana yadda ta fito daga bakina, kada ya yi mata wanka. Da ya tambaye ni wa za a rubuta wa, na ce ya rubuta “yaron nan”. Ya ce yara sun yi yawa a Gusau. Dole na faɗi sunanka da bakina, abin da ban taɓa yi ba tun da liman ya raɗa maka shi, don kai ne ɗan fari. To, na faɗa, kuma sama ba ta faɗo ba.

Jiya na shigo gari. Na je har ƙofar gidanku a Damba, na ji muryarka a ciki kana dariya da abokanka, na juya jakina. Rabuwarmu ta ƙarshe ba ta yi kyau ba. Ka ce an tura ka Zariya koyon aikin malamin gona, ni kuma na ce abin da na ce. Har yanzu ban ga dalilin da za a raba yaro da gonar ubansa a kai shi wata ƙasa a koya masa noma ba. Amma ba wannan ta kawo ni ba. Akwai saƙon da nake so ka kai Kucheri, kuma ba za ka san nauyinsa ba sai na ba ka labarin ranar da aka haife ka.

Bulus ya ce a ofis sun tambaye ka ranar haihuwa, ka ba su wata rana ta watan Turawa da malamin makaranta ya ƙaga maka. Wannan tasu ce, su riƙe. Taka ita ce goma ga watan Cika-ciki, shi ya sa aka sa maka Ashiru. Rana ce mai kaya da yawa a kanta. Kowace shekara liman yakan zauna bayan azahar ya lissafa mana: a ranar jirgin Annabi Nuhu ya tsaya, a ranar Allah ya tsirar da Annabi Musa da mutanensa daga Fir'auna, da wasu manyan al'amura da kaina ba ya riƙewa. Na faɗa wa Bulus, ya ce su ma sun san Nuhu da Musa, sai dai ba su san an haɗa musu rana ba. Ya nuna mini takardar kwanaki da yake ratayewa a jikin bishiya, ya ce ranar haihuwar Annabi Isa a wurinsu kullum da sanyi take zuwa. Na ce to tasu a turke take kamar akuya. Tamu yawo take yi. Da aka haife ka, a bakin shuka ta zo. Ta yi ta ja da baya, ta ratsa bazara, ta ratsa sanyi, ta ratsa kaka, ga ta yanzu a ƙarshen damina. Saura kaɗan ta koma bakin shuka inda ta same mu. Ban sani ba ko zan ga wannan.

In ka tambayi mutanen Rawayya abin da ya faru ranar, ba mai cewa an haifi ɗan Labbo. Cewa za su yi ranar keke. A ranar ne wani malamin auduga ya shigo gari bisa keke, farkon wanda idonmu ya gani, yara da tsofaffi suka bi shi har dandali. A ranar ruwan shuka ya sauka bayan an daɗe ana kallon gabas. A ranar kuma matar maigari ta haifi namiji. Makaɗa duk can suka tafi. Ranar suna ma liman can ya fara zuwa, wanzami ma haka, sai da rana ta yi zafi suka tuna da mu. Ban manta ba. Rana kamar rumbun gayya take, kowa da abin da ya zuba a ciki, amma na mai ƙarfi ake gani a sama.

Abin da ni na zuba a ciki shi ne zan gaya maka.

Ka sha jin uwarka tana ambaton Jatau na Kucheri, ka kuma ga yadda nake tashi in bar wurin. Jatau ɗan goggona ne, ƙanwar ubana da aka kai aure ƙasar Tsafe. Taubashina ne ke nan, abokin wasa. Tare muka yi ƙuruciya, don a gidanmu aka yaye shi. Shi yana cewa ni bawansa ne, ni ina cewa shi ne nawa, ba wanda ya taɓa raba mana gardamar. Bai taɓa kirana Labbo ba, sai “Kunnen Jaki”. Ni kuma “Ƙafar Gauraka” nake ce masa, don dogo ne siriri. Kowace Cika-ciki yakan taso daga Kucheri, ya kwana a Gusau, ya iso Rawayya da igiya a kafaɗa. Da ya shigo sai madafi. Ka san wutsiyar ragon layya da ake ratayewa a hayaƙi a ajiye don tuwon daren ranar. Ita yake sacewa, in bi shi da gudu, ya jefa mini igiya a wuya ya ja ni cikin gari yana neman mai saye. Mata su yi ta dariya, wata ta taya ni da ƙwarya fasassa. Da yamma mu zauna akushi ɗaya mu ci har ciki ya ɗaure. Al'ada ce, ba mai fushi. Wanda ya yi fushi da taubashi ranar, shi ake yi wa dariya.

A shekarar da nake ba ka labari, uwarka tana gidan iyayenta a ɗaya unguwar, goyon ciki. Tun asuba wata tsohuwa ta raɗa wa innata cewa naƙuda ta kama ta, na kuwa ji. Hantsi ya yi, shiru. Azahar ta gabato, shiru. Na ga ungozoma ta biyu ta wuce da sauri. Ni kuwa ba dama in tambaya. Haihuwar fari ce. Namiji ba ya nuna ya san matarsa na da ciki, balle ya tsaya ƙofar surukai yana leƙe. Na ɗauki fartanya ina gyara ƙotar da ba abin da ya same ta, na fita dandali inda ake kallon keke don kada a ce na damu. Jama'a na ta mamakin yadda abu mai ƙafa biyu ke tsayawa, ni ko keken ban gani ba.

Can sai na ji igiya a wuyana. Jatau ne, wutsiyar rago a hannunsa yana kaɗawa, yana cewa malamin auduga ko zai karɓi bawa ya ba da dokin ƙarfe. Dandali ya ɗauki dariya. Bai san kome ba, daga hanya yake. Da a ce na ja shi gefe na ce masa, Jatau, matar nan tana kan gwiwa tun asuba, da shi ne zai fara zuwa ƙofar surukaina ya jiyo mini labari, don shi ba kunya tsakaninsa da su. Kalma kaɗan ce. Kunya ta hana ni faɗinta. Wata ce ta fito a madadinta.

Na cire igiyar na jefar, na ce, “Yunwa ce ta koro ka daga Kucheri ka fake da wasa. In bara ka zo yi, ka ce bara.”

Dariya ta tsaya. Ashe gaskiya na faɗa ban sani ba, ko in ce na sani rabi, don na ga yadda ya rame. Fara ta cinye musu gonaki a shekarar da ta wuce, sun ci har irin shuka. Akwai taiki wofi a bayan jakinsa. Daga baya goggo ta gaya wa innata cewa iri ya zo nema, ya bari sai an ci tuwo an yi raha ya faɗa mini.

Ya dube ni, ya ajiye wutsiyar a kan dakali a hankali kamar mai ajiye ƙwai. Ya ce, “Allah ya ba ka haƙuri, Malam Labbo.” Ya kwance jakinsa.

Bai kai bakin gari ba hadari ya haɗo. Ruwa na fara sauka na ji guɗa daga gidan surukaina, kai ne ka iso. Mutane na murnar ruwa, ana kiɗa a gidan maigari, malamin auduga ya ɗauki kekensa a ka ya shige zaure. Ni ina tsaye da igiyar wani a gabana. Na ɗauke ta, ban san dalili ba.

To ga magana ta farko, ɗana. Kunya ado ce, ni na koya maka ita, ban kuma ce ka yar ba. Amma in abu na cin ka, ka samu mutum ɗaya ka gaya masa. Abin da ka danne ba ya mutuwa, ta wata ƙofa yake fita, kuma wanda ya fi kusa da kai shi yake bankewa. Ga ta biyu: kada ka rama wasa da gaskiya. In mutum ya ce maka kunnen jaki, ka ce masa ƙafar gauraka. Kada ka taɓa inda ka ga ya rame. A Zariya za ka haɗu da kowane iri. Za ka ga Bafillace da Babarbare suna yi wa juna tsiya kamar za a zare wuƙa, ka ga Bagobiri ya tare Bayarabe a hanya. In wani ya zo maka da irin wannan, ka yi dariya ko cikinka na ciwo. Magana zarar bunu ce.

Kada ka ɗauka laifin duk nawa ne. Bulus ya ɗaga kai yana kallona, na ce ya rubuta. Jatau ya ji labarin haihuwarka kafin ya bar Gusau, an tabbatar mini. Ya san halin da nake ciki ranar. Me ya hana shi dawowa suna? Uwarka ta ce ai ban aika masa goro ba. Ina aka taɓa aika wa ɗan gida goro? Na ce in ya zo suna zan cika masa taiki, da gero da dawa, har da wake. Na ware dammunan na ajiye. Bai zo ba. Ni kuma na ce ba zan bi mutum da hatsi har gida kamar na kashe masa uba ba. Dammunan nan suna gefe guda a rumbu har ƙwari suka gama da su, ban bari an taɓa ba. A wurin wani ya samo iri, ban san wa ba, kuma wannan ma ta ƙona mini rai.

Ba wai mun daina gaisawa ba ne. Da goggo ta rasu na je Kucheri ta'aziyya. Ya shimfiɗa mini sabuwar tabarma, ya sa aka kawo mini fura a ƙwarya mai faifai, ya durƙusa ya ce, sannu da zuwa Malam Labbo, an gode da tattaki. Da innata ta rasu ya zo, ni ma na ce masa Malam Jatau. Duk wanda ya gan mu zai ce ga mutanen kirki. Ni kuwa na san abin da yake yi mini. Tun ranar da aka haife ka mutumin nan bai sake zagina ba. Ko maigari, da duk abin da ke tsakaninmu, bai taɓa hukunta ni irin haka ba. Saboda haka in ka ɓata da naka, kada ka tsaya lissafin wa ya kamata ya fara takowa. Na yi wannan lissafin, na kuma tabbata ni ke da gaskiya a rabinsa, ga shi gemuna ya yi fari ina riƙe da rabin gaskiya ba ta ƙosar da ni ba. Zumunta a ƙafa take, ba a kai ba.

Tun da na ambaci maigari, bari in gama da shi, don kai ma ranar nan ta bi ka. Da aka aiko daga Bungudu cewa kowane maigari ya ba da ɗa a kai makarantar boko, ka san bai ba da nasa ba. Cewa ya yi ai ga ɗan Labbo, rana ɗaya aka haife su, duk ɗaya ne. Na ɓoye ka a rumbu, dogari ya zaro ka da ƙaiƙayi a kai. Wannan zalunci ne, zan faɗa a gaban kowa, har gaban Allah. Sai dai abin da na yi bayan nan ba shi da kai. Maigari ya fi ƙarfina, sai na huce a kanka. In ka zo hutu ka gaishe ni, in amsa ina kallon wani wuri. Ka taɓa kawo mini allonku na dutse ka nuna mini ka rubuta Rawayya, na ce ka kai wa wanda ya aike ka. Uwarka ce ke tafiya Bungudu a ƙasa da ƙuli-ƙuli a ƙulle, ni ban taɓa taka ƙofar makarantar ba. An cuce mu tare, na bar ka kai kaɗai. In wani babba ya taka ka a wurin aiki, kuma za a yi, kada ka dawo gida ka taka na ƙasa da kai. Ɗan maigari yana nan yana zaman dandali, in ya gan ni yakan tambayi labarinka. Ba na amsa masa da yawa.

Sauran gargaɗi ka san su. Ka riƙe salla. Kada ka ci abinci a tsaye kamar Bature. In an gama koya maka aka tura ka ƙauye da igiyar awo kana cewa a yi shuka a layi, ka fara gaida tsofaffi ka tambaye su halin ƙasarsu kafin ka buɗe baki. Za su yi maka gardama, irina ne. Ka bar su su gama. In wata ya kama, ka ɗaga kai ka dube shi, kada takardar bango ta sa Cika-ciki ta wuce ba ka sani ba. Ko kai kaɗai ne a ɗaki ka ci ka ƙoshi a daren, ka kira wani ya ci tare da kai, ko irin su Bulus ne. Matarsa ta ba ni ruwa yau tun ban roƙa ba.

Yanzu ga saƙon. A kasuwar Bungudu na haɗu da wani mai sayar da daddawa daga ƙasar Tsafe. Ya ce idon Jatau ya tafi, ƙafa ma ta ƙi, sai an fito da shi rana an mayar. Ya ce tun bara ba ya gane mutum sai da murya. Na yi kamar ban ji ba, na sayi daddawar da ba na bukata. Kwana na yi ina juyi.

Na bar ƙunshi a wurin Bulus, zai kai maka da takardar ga. A ciki akwai wutsiyar ragon layyar bana, uwarka ta kyafe ta da kyau. Akwai igiya. Tasa ce, igiyar rama, ta yi baƙi don a rufin zaure take tun ranar, amma ba ta tsinke ba. Bulus ya yi aiki a tasha, ya san kwanakin jirgi. Ya ce naka zai tashi ana gobe Cika-ciki, kuma yana tsayawa a Tsafe, in ka sauka ka kwana biyu akwai wani da zai kai ka Zariya kafin ranar da aka sa maka. Na tambaye shi sau biyu, don ba na so a ce uba ya jawo maka asarar aiki. Daga Tsafe kowa zai nuna maka hanyar Kucheri.

Za ka ce me ya hana ni zuwa da kaina. Ƙafa ce. Bulus ya ce ƙafar da ta kawo ni Gusau fa? Na ce aikinsa rubutu. Gaskiyar ita ce in na je zai sa a shimfiɗa mini sabuwar tabarma, kuma ba zan iya sake zama a kanta ba.

In ka isa, kada ka yi masa gaisuwar baƙo. Kada ka ce na ba da haƙuri, ban ce ba. Ka sa masa wutsiyar a hannu ka ce ga abin da ya sata ya manta. Ka sa masa igiyar a ɗaya hannun, ka sunkuya ya laluba wuyanka. Ka ce kai ne aka haifa ranar keke, ubanka ya aiko ka a madadinsa, tun da dama an saba ba da kai a madadin wani. Ka ce Kunnen Jaki yana gaida Ƙafar Gauraka, yana tambaya ko har yanzu ba a samu mai sayensa ba.

Sai ka yi shiru ka saurara da kyau. In ya ce a gaida Malam Labbo, an gode, to ka ci tuwonsu, ka yi masa addu'a, ka kama jirginka, ba sai ka rubuto kome ba, zan gane. In kuwa ya zage ni, ka riƙe zagin kamar yadda ya fito, kada ka rage ko kalma don kunyata. Ka rubuto wa Bulus. Na riga na gaya masa ya karanta mini da ƙarfi, a nan ƙarƙashin darbejiya, ko da mutane. Ranar zan ɗaura wa jakina akumari in ɗora taiki cike da sabon gero.

Allah ya kai ka lafiya, ya sauke ka lafiya, ya haɗa ka da mutanen kirki. Allah ya tsare ka daga sharrin baki, naka da na wani. Ya sa ka ga Cika-ciki ta koma bakin shuka, ka sake ganin ta zagayo. Uwarka ta ce ka rufe ƙirjinka in jirgi na tafiya.

Ka sauka a Tsafe, Ashiru.

Ni ne ubanka,
Labbo na Rawayya.